Me Ranar 3 ga Disamba Za Ta Tsinana wa Nakasassun Tawa?

Wani matashi daga Tawa ne ya aiko da tambayar, kan ranar nakasassu ta duniya, 3 ga Disamba. Tela ne, yana tafiya da sanduna biyu tun da shan inna ya kama shi yana ƙarami, kuma shi ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar nakasassu ta unguwarsu. Ya ce: "Malam, duk shekara ran 3 ga Disamba sai a kafa rumfuna, a kwaso mu da mota, manya su yi jawabi da Faransanci, a raba riguna da ƴan buhunan shinkafa da keken guragu biyu ko uku, a ɗauki hoto, a watse. Washegari kowa ya koma inda yake. Abokaina sun ce bana kada mu je. Wai daga ina wannan rana ta fito? Tana da wani amfani kuwa? In tana da shi, yaya ya kamata mu yi ta?"

Ƙanena, ku je. Na san abin da ya ƙona wa abokanka rai, kuma yadda ka zayyana bikin haka yake a garuruwa da dama, har nan Yamai. Sai dai in kun ƙaurace ba za a fasa ba. Za a nemo wasu a cika kujerun, a ɗauki hoton, a aika rahoto sama cewa komai ya tafi lafiya lau. Ka duba ta wannan fuskar: a duk tsawon shekara ku ne kuke bin ofis-ofis, ana ce muku mai gida yana taro, ko ya yi tafiya, ko ku dawo ran Litinin. Wannan rana kuwa gwamna ko wakilinsa, da hukumar birni, da shugabannin ma'aikatun ilimi da lafiya na jiha, da ƴan jarida, su ne suke takowa da ƙafarsu su zauna a gabanku. Mai bin bashi ba ya garƙame ƙofa ranar da wanda yake bi ya kawo kansa har gida. Kuma bashi kuke bi, yanzu zan nuna maka takardunsa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 1981 ta zama shekarar nakasassu, da taken a dama da su a komai kuma a daidaita su da kowa. Ran 3 ga Disamba 1982 babban zaurenta ya amince da wani tsarin aiki na duniya kan sha'anin nakasassu, aka ba shi shekaru goma, daga 1983 zuwa 1992. Da wa'adin ya cika aka ga aikin bai ko kama hanyar ƙarewa ba, sai a 1992 majalisar ta tsayar da 3 ga Disamba ta zama ranar da za a riƙa waiwayar maganar kowace shekara. Ka ga tun asali ranar tuna alkawari ce. A wannan shekara ta 1992 ɗin Nijar ma ta tsayar da tata ranar ta ƙasa, 31 ga Yuli. Wato ranaku biyu gare mu, kuma ka riƙe wannan, don a kansa dabarar da zan ba ka ta rataya.

Ran 13 ga Disamba 2006 aka amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin nakasassu. Nijar ta sa hannu ran 30 ga Maris 2007, ranar farko da aka buɗe rajistar, ta kuma tabbatar da ita ran 24 ga Yuni 2008, ta zama doka a kanmu. Abin da ya bambanta ta da tunanin da aka saba shi ne inda ta ɗora laifi. Ta ce nakasa tana faruwa ne idan lalurar jikin mutum ta haɗu da shingen da jama'a suka gitta masa. Kai a shagonka, mai kawo ɗinkin salla ba ya tambayar ƙafarka, wuyan rigar yake dubawa ko ya zauna. Amma ka je neman takardar haihuwar ɗanka ka tarar da matakala shida babu abin dafawa, nan take ka koma mai jiran a taimaka masa. Ƙafar ita ce dai ta ɗazu. Shan inna ya riga ya yi ɓarnarsa, babu likitan da zai mayar da ita, amma matakala magini ne ya zuba ta jiya, magini kuma zai iya gyara ta gobe. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya yi magana kan shiga gine-gine da samun bayanai, na 24 kan ilimi, na 25 kan lafiya, na 27 kan aiki, na 29 kan zaɓe da siyasa. Sashe na 8 kuma ya ɗora wa gwamnati kanta nauyin wayar da kan jama'a, don haka bikin da ake yi muku ba alfarma ba ce.

A cikin gida ma takarda ba ta yi ƙaranci ba. Akwai doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993, wadda aka yi wa gyara a 2010. Daga cikinta aka sami maganar kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a ma'aikatun gwamnati da kamfanonin da ke da ma'aikata 20 ko fiye, kuma dokar ƙwadago ta 2012 ta maimaita wannan kaso. Akwai dokar 1996 da ta yafe wa nakasassu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa. Sai ta baya-bayan nan, mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019, wadda aka yi don a daidaita dokokinmu da yarjejeniyar duniya, a shekarar da wakilan Nijar suka je Janeba suka kare rahoton ƙasar gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido kan yarjejeniyar. Ka nemi kwafin waɗannan wajen reshen jiha na haɗin gwiwar ƙungiyoyin nakasassu na ƙasa, wato FNPH, ka sa wani malamin lakwal ya zauna da ku ya warware muku su da Hausa, sashe-sashe. Na sha ganin yadda fuskar ma'aikaci take sauyawa idan wanda ya zaci roƙo ya zo ya ambaci lambar doka da ranar da aka sa mata hannu. Ba don ya ji tsoro ba. Sau da yawa shi kansa bai taɓa karanta ta ba.

Yanzu ga inda nake so ku fi kashe ƙarfinku, kuma aikin kafin ranar ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami nakasassu 715,497 a Nijar, kashi 4.2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 a duniya, kashi 16 cikin 100, wato mutum 1 cikin 6. Ƙasar da ta sha fama da sanƙarau da ƙyanda da shan inna da doguwar naƙuda, ga haɗarin babur kullum, ba za ta kasa sauran duniya har haka ba. Tazarar daga yadda ake tambaya take fitowa. Ka tsaya a ƙofar gida ka ce wa mai gida, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" zai ce maka Allah ya kiyaye, ko da mahaifiyarsa ba ta ganin mai shigowa, ko da ɗansa bai taɓa amsa kira ba. Shi a ganinsa nakasasshe shi ne mai bara a bakin kasuwa. Saboda haka masana ƙididdiga, waɗanda ake kira rukunin Washinton, suka tsara tambayoyi shida da ba su ambaci kalmar ba sam: ko mutum yana shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya da hawa, ko tuna abu da tattara hankali, ko yi wa kansa wanka da sa tufafi, ko fahimtar magana da fahimtar da wasu. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ba ya iyawa ko kaɗan.

Ku ɗauki waɗannan tambayoyi ku bi unguwa ɗaya tak, taku, gida-gida, da izinin mai unguwa. Kada ku tafi maza zalla, don ƙofar zaure ce iyakarku, abin da kuke nema kuwa yana cikin ɗaki. Na taɓa bin irin wannan zagaye a wani gari, mai gida ya rantse mana babu kowa. Matar da ke cikinmu ta shiga gaishe da matan gida, ta daɗe, sannan ta leƙo ta yafito ni bayan an nemi izini. A ɗakin ƙurya, kan tabarma, ga yarinya da ta isa shiga lakwal, wuyanta bai tsaya ba, hannuwanta a dunƙule, an kwantar da ita tana fuskantar bango. Tsaf take, an yi mata kitso, ba a wulaƙanta ta ba. Uwar ta ce tun da aka fara cewa ɗiyar ruwa ce, maƙwabta masu ciki suka daina shigowa, sai ta daina fito da ita. Da muka bi labarin haihuwar, kwana biyu aka yi ana naƙuda a gida, kuma jaririyar ba ta yi kuka da wuri ba. Ƙwaƙwalwa ce ta rasa iska, babu ruwan aljani. Kafinta ya haɗa mata kujerar katako mai kusurwa, da majingini har kai da ɗan allo a gaba. Ta zauna a tsakar gida, ta ga awaki, ta ga ƙannenta suna wasa, kuma da aka koma ba ta fura a zaune ta rage ƙwarewa, wadda ita ce ke jawo wa irin waɗannan yara ciwon huhu. Wannan yarinya ba za ta taɓa zuwa rumfar 3 ga Disamba da kanta ba. In ba ku ƙirga ta ba, babu wanda zai ƙirga ta.

Idan kun gama, za ku tsaya gaban manya da abin da ba su da shi: a unguwa kaza mun shiga gida kaza, mun sami yara kaza masu lalura da suka isa karatu, kaza ne kawai ke zuwa lakwal, kaza ba su da takardar haihuwa. Sunaye ku bar su a littafinku, kada ku karanta a bainar jama'a, sirrin gidajen mutane ne aka ba ku amana. Lambar kaɗai ta isa. Jawabin da ya ce "nakasassu suna cikin mawuyacin hali" kowa ya ji shi har ya haddace, mai gida ma zai faɗe shi a nasa jawabin. Lambar unguwa kuwa ba ta da wurin ɓuya, don diraktan lakwal ɗin da ake magana a kai yana zaune a sahu na biyu.

Sai buƙata. Kuskuren da na fi gani shi ne takardar koke mai shafi huɗu: aiki, gidaje, filaye, jari, kujerun Makka, mota ga ƙungiya. Mai karɓa ya miƙe, ya ce zai isar da ita ga wanda ya dace, a tafa. Wanda aka ba abu talatin ba a ba shi komai ba, don babu wanda zai tuhume shi kan ɗaya. Ku zaɓi biyu, in sun yi yawa uku, kuma kowace ta cika sharaɗi uku: tana cikin ikon wanda ke zaune a wurin, ana iya ganinta da ido ko a ƙirga ta, kuma tana da ranar gamawa. Gyaran dokar ƙasa ba aikin Tawa ba ne, ku bar wa shugabanninku na Yamai. Amma ƙofar lakwal ɗin unguwarku, da teburin masu ba da takardar haihuwa, da layin asibiti, duk a hannun mutanen da za su zo ne.

Da ni ne, da lakwal zan fara. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ, sun kuma fitar da mutanen da yau suke koyarwa suke aikin gwamnati. Amma tsakaninku da Yamai ya haura kilomita 500, kuma ba kowace uwa ce za ta sallama ɗan shekara bakwai ba. Mafi yawan yaran da za ku samu ma ba makaranta ta musamman suke buƙata ba. Zabiya yana buƙatar bencin gaba, nesa da hasken taga, da rubutu manya a allo, da izinin sa hula da riga mai dogon hannu. Yaron da sanƙarau ya rage wa ji yana buƙatar malam ya daina magana yana fuskantar allo. Mai farfaɗiya yana buƙatar malamin da ya san cewa ba a ɗaukarta ta yawu, cewa in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a janye benci, kada a cusa masa komai a baki. Duk wannan ko dala ba ya ci. Zama ɗaya ne da malamai, wanda mai duba makarantu zai iya kira.

Abin da ke cin kuɗi shi ne gini, kuma a nan sana'arka za ta yi maka rana. Tef ɗin awonka santimita 150 ne, daidai faɗin filin da keken guragu yake buƙata ya juya. Ka shimfiɗa shi a ƙofar aji da cikin makewayi, in bai shimfiɗu ba keke ba zai juya ba. Ƙofa tana son santimita 90 a buɗe. Gangaren siminti da ake yi a madadin matakala kuwa, ƙa'idarsa ita ce duk tsayin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120, in an sami fili ma a ƙara. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tsayin 45 ke nan, gangarensu mita 5 da santimita 40. Ka je ka auna waɗanda aka yi a gari. Za ka tarar da na mita ɗaya da rabi, a tsaye kamar na shigar da babur zaure, an shafe shi sumul, ya ƙare cikin rairayi, ko ya kai ka ƙofar da take buɗewa waje ta ture ka baya. An kashe siminti, an rubuta a rahoto, amma mai keke in ya gwada hawa shi kaɗai ƙeyarsa ce za ta sha ƙasa. Gangare na kirki yana da kaushi, yana da ɗan dakali a gefe don kada ƙafar keke ta zame, yana da abin dafawa saboda irinku masu sanda, da fili a sama inda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa. Rahoton duniya kan nakasa na 2011 ya nuna cewa in tun a zane aka sa waɗannan, ƙarin kuɗin bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba. Fasawa a sake shi ne mai tsada. Don haka buƙata mafi arha da za ku nema ita ce: duk ajin da za a gina daga yanzu, a kira mutum biyu daga cikinku su duba kafin a karɓi aikin daga ɗan kwangila. Kuma kada a manta makewayi. Yarinyar da take rarrafe, in ramin lakwal ya ƙazantu, ba za ta gaya wa kowa dalili ba, za ta daina zuwa ne kawai.

Ga amfanin ranaku biyun. Kasafin hukuma da Janairu yake farawa, don haka takardarku ta riga ranar isa, tun Oktoba ko farkon Nuwamba, a kai ta hannu da hannu, a buga muku hatimi a kwafinku. Ran 3 ga Disamba amsa za ku nema, ba sabon koke za ku kawo ba. Ku roƙi wanda ya ɗauki alkawari ya faɗe shi da bakinsa a lasifika, da wa'adi. Daga nan zuwa 31 ga Yuli wata takwas ne, ya ishi kowane gangare bushewa. Ranar ƙasa tana faɗowa tsakiyar damina, mutane suna gona, taron ba ya cika kamar na Disamba, amma ta dace da wani abu: lakwal tana hutu, magina za su iya aiki, kuma saura wata biyu a koma karatu a Oktoba, lokacin da ya kamata a bi iyayen yaran da kuka ƙirga a rubuta su. Disamba a ɗauki alkawari, Yuli a duba, Oktoba a ga yaro a aji ko a rasa shi.

Game da taron kansa, ku shiga kwamitin shiri tun farko, kada ku jira a aiko muku da katin gayyata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yarjejeniyar ta wajabta a tuntuɓi ƙungiyoyinku a duk abin da ya shafe ku. Na halarci wani biki da aka shirya a bene, aka riƙa ɗaukar manyan mutane, magidanta, ana hawa da su a hannu, kekunansu na biye, sannan aka yi awa biyu ana jawabi kan mutunci. Kurame suna zaune a gefe babu mai fassara musu da hannu, sai sun ga ana tafi su tafa. Ku duba wurin da kanku: ƙasa ne, akwai inuwa, akwai ruwa, akwai makewayin da za a iya shiga. Kada a kwaso mutane tun ƙarfe takwas cikin sanyin hunturu su zauna jiran manya har rana ta take, zabiya na ƙonewa, mai ciwon laka na zaune kan ƙashi ɗaya. Ku nemi mai fassarar kurame ta hannun ƙungiyarsu, a tsayar da shi inda haske yake, kusa da mai magana. Jawabi a yi shi da Hausa, a taƙaita da Tamajak da Fulatanci in akwai masu ji. Tun 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, babu mai ce muku kun yi ƙauyanci.

Wa zai yi magana da sunanku? Kada ya zama kullum namiji mai keke wanda ya yi boko. Nakasassu ma suna da na gaba da na baya. Guragu da makafi suna da baki, suna da tsofaffin ƙungiyoyi. Kurame, da masu taɓin hankali da ake ɗaurewa da mari, da yara masu jinkirin fahimta, da waɗanda kuturta ta taɓa, su ne ake mantawa ko a cikinku. Mace kuma nata ya ninka: ita ce ake cewa wa zai aure ta, ita ce in ta je awon ciki ake kallonta kamar ta yi laifi. Ku ba mace minti biyar, ku ba uwar yaro mai lalura minti biyar. Sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare kuma ku je ku gaishe su tun da wuri, ku zaunar da su a gaba. Wasu ƴan boko suna yi musu kallon shugabannin mabarata, amma tun kafin a san wata ƙungiya su ne suke sasanta rigima, su sauki baƙo, su yi jana'izar wanda ba shi da kowa, kuma sun san gidajen da ku ba ku sani ba. Maganar bara ma a yi ta da hankali. Ni ban taɓa ganin wanda tsawa ta hana bara ba. Wanda na ga ya bari, wani abin ci ya samu.

Wayar da kai ta fi tasiri a inda mutane suka riga suka taru. Ku je wajen limamai mako biyu kafin ranar, ku roƙi huɗubar Juma'a. Ba sai kun koya musu ba, sun fi ku sanin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka saboda shi, wanda ya yi ladanci tare da Bilal, wanda Annabi (SAW) ya riƙa bar wa Madina yana jan salla idan ya fita. Abin da za ku roƙa shi ne kada huɗubar ta tsaya kan falalar sadaka, ta kai ga cewa an ba makaho amanar gari. Ku nemi awa ɗaya a gidan rediyo, a buɗe layi, uwaye su kira. Ku bi fadojin samari da yamma, inda ake shan shayi, don su ne ƴan kabu-kabun da ke wuce mai sanda ba su tsaya ba. Wasan nan da ake ɗaure wa manya ido ko a ɗora su kan keke na minti biyar, ni ba na sonsa. Mutum yana sauka ne yana cewa wayyo, Allah sarki, tausayi ya ƙaru, an koma gidan jiya. Gara ɗayanku ya ce wa shugaban ma'aikata, "Ranka ya daɗe, rako ni ofishinka," su tafi tare, ya ga da idonsa inda tafiyar take tsayawa.

Masu aikin lafiya za su so su yi maganar rigakafi, kuma suna da gaskiya. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a 2020, kuma a Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Kuturta tana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12, kyauta. Yanar ido aikin ƴan mintoci ne. Jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe, in an kai shi da wuri, ana miƙar da ita da filasta, kuma asibitin yara na CURE da ke Yamai yana wannan aikin tun 2010. A faɗi duk wannan. Amma ku ja kunnen mai jawabi kada ya nuna ku da yatsa ya ce a yi allura don kada yaro ya zama kamar waɗannan. Ba a gayyato ku don ku zama abin tsoratarwa ba.

Kyauta kuma ku karɓa, babu abin kunya, shinkafa ba ta hana neman haƙƙi. Keke ne nake so ku sa wa ido. Irin na asibiti mai siraran ƙafafu an yi shi ne don daɓen siminti, a rairayin Tawa da duwatsun Adar wata kaɗan zai yi ya zama wurin shanya. Keke kamar takalmi ne wajen awo, sai an auna faɗin ƙugu da tsawon cinya, kuma wanda ba ya jin ƙasan jikinsa dole a ba shi matashi na musamman, in ba haka ba gyambon zama zai kama shi, wanda yake kashe mutum in ya ci ƙashi. Ku roƙi masu bayarwa su tambaye ku tun kafin su saya. Sau da yawa mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda mai walda na gari ya ƙera da kayan keken hawa, ya fi daɗewa, don in ya lalace mai faci na bakin kasuwa yana da kayansa. Jerin waɗanda za a ba kuma a tsara shi a gaban kowa tun kafin ranar, da dalilin zaɓen kowane. Rabon keke da kuɗin zama sun kashe ƙungiyoyi fiye da yadda rashin kuɗi ya kashe.

Da an watse, a ranar, ku zauna ku uku ku rubuta abin da aka faɗa: wane ne ya ce zai yi me, zuwa yaushe. Shafi ɗaya. Ku kai kwafi ga wanda ya yi alkawarin tare da godiya, kwafi ga reshen FNPH, kwafi ga ɗan jaridar da ya zo, ɗaya kuma ka ajiye a shago. Duk wata biyu mutum biyu su leƙa su gaishe shi su tambayi inda aka kwana. Ma'aikata ana yi musu sauyin wuri, don haka in kun tarar da sabuwar fuska ku miƙa masa kwafin mai hatimi, ku fara daga nan. Ran 31 ga Yuli in an ba ku lasifika, ku fara da sunan wanda ya cika nasa, ku yaba masa sosai a gaban mai gidansa, sannan ku karanta sauran da wa'adin da kowanne ya ɗauka.